Wace manhaja zan bari a wayar Baba, wacce zan goge?

Auta_Fagge

Slm 'yan uwa, dan Allah masu ilimin waya ku taimaka min da shawara. Mun haɗa kuɗi ni da yayyena mun sai wa Baba babbar waya saboda ya daɗe yana mita wai duk abokansa na majalisa suna WhatsApp shi kaɗai aka bari da 'yar ƙaramar Nokia. Yaron shagon ya ce bari ya cika masa ita, aka bashi na goro, sai gashi wayar ta dawo da kaya fal, GBWhatsApp, Xender, wasu guda biyu masu hoton tsintsiya wai na share datti, wata wai ta sanyaya batir, har da wata ta cin bashi da ban san wa ya ce a saka ba. Yanzu ko bai taɓa komai ba sai talla ta faɗo ta rufe fuskar wayar, jiya ma wata ta rashin ɗa'a ce ta fito yana zaune da baƙi, wlh sai kife wayar yayi.

Abin da yafi damuna shine layin da ke ciki ta nan alat ɗin fanshonsa ke shigowa, kuma satin da ya wuce aka kwace WhatsApp ɗin wani abokinsa ana ta bin mutane da sunansa ana roƙon kuɗi. Toh wanne zan goge wanne zan bari, kuma me zanyi masa dan kar a kwace nashi? Baba bai iya karatun boko sosai ba, ku faɗa min yadda zan gane.

MaiGyara_FarmCentre

Wslm ƙanwata. Kafin ki goge komai akwai tambaya ɗaya, wa ya buɗe masa Gmail ɗin da ke kan wayar? In yaron shagon ne toh daga nan za ki fara, dan na san yadda mukeyi a kasuwa, kwastoma yana tsaye ana sauri sai a buɗe imel da sunansa a saka lambar wayarsa a matsayin fasawod, wani ma tsohon imel ɗinsa guda ɗaya yake sakawa duk wanda ya zo. Kamar ka sayi gida ne ka bar makulli a hannun dillali. Da wannan Gmail ɗin ake ganin lambobin da ya ajiye da hotunansa in suna hawa, har goge wayar gaba ɗaya ana iya yi daga nesa. In baki san fasawod ɗin ba, shawarata ki kwashe lambobi da hotuna, ki cire wancan imel ɗin daga saitin, sannan ki mai da wayar yadda ta fito daga kamfani ki buɗe sabo da hannunki. Ki lura da jerin, a fara cire imel ɗin tukun, in kika yi mata ristowa yana ciki za ta tashi tana neman fasawod ɗinsa ki dawo kina neman yaro a kasuwa.

Batun manhajoji kuwa, masu tsintsiyar nan da ta sanyaya batir duk ki watsar, su ne masu kawo tallar. Babu wata manhaja da ke sanyaya batir, ita kanta cin cajin takeyi. Ko Clean Master da ta fi kowacce suna a irinsu, Google ya cire ta daga Play Store a 2020 lokacin da ya kori manhajoji wajen 600 saboda tallar da ke faɗo wa mutane ba gaira ba dalili. In wuri ya cika akwai Files ta Google, tana nuna miki manyan bidiyo da hotunan da suka maimaitu, ta wadatar.

Xender ita kanta ba ita ce matsalar ba, abin da ake turowa ta cikinta ne. Manhajar da aka turo daga wayar wani baki san hannu nawa ta bi ba, baki san wa ya buɗe ta ya ƙara mata wani abu ba. Duk abin da Baba ke buƙata ki sauko dashi daga Play Store, ki duba sunan kamfanin da ke ƙasan sunan manhajar, ki duba mutum nawa suka sauke, sannan ki karanta ƙorafin masu bada tauraro ɗaya, su ne masu faɗin gaskiya. Musamman ta banki, ana yin na bogi da tambari iri ɗaya sak, gara ki shiga reshe su nuna miki tasu.

Sai izini. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015 manhaja sai ta tambaya kafin ta taɓa lambobi ko kyamara ko saƙonni, amma mutanenmu danna amincewa kawai suke dan abin ya wuce. Ki tambayi kanki, meye haɗin manhajar lokutan sallah da karanta tes? Wuri za ta nema dan ta san garin da kake, wannan da hujja. Amma tocila ta ce tana son lambobin mutane, ai kin san da walakin.

Ni in nine, zan goge GBWhatsApp ɗin nan dan ba na kamfanin WhatsApp ba ne kuma yana da haɗari, in bar masa WhatsApp na asali, Alƙur'ani guda ɗaya mai kyau wanda ke aiki ba data, rediyo in yana so, shikenan. Dattijo baya buƙatar abu talatin.

Uwar_Biyu

'Yar uwa ni kan WhatsApp ɗin zanyi magana dan a guruf ɗin islamiyyarmu an yi wa mata da yawa. Mutane suna cewa an yi hakin, alhali yawanci ba wani kutse akayi ba, mai wayar ne ya miƙa da bakinsa. Ga yadda suke yi, za a kira ka da sallama cikin ladabi, a ambaci sunanka da sunan guruf ɗin da kake ciki, dan sun riga sun kwace na wani a ciki suna ganin kowa, sai a ce Alhaji akwai taron da za muyi ta intanet da daddare, mun turo maka lambar shiga ta tes, karanto mana mu saka sunanka. Lambar nan guda 6 ita ce wadda WhatsApp ke turowa in ana son buɗe akawun ɗinka a wata wayar. Kana gama karantowa naka ya rufe. Wani lokacin kuma tallafi za su ce, ko kujerar Makka, ko wai sun yi kuskuren tura lambarsu layinka ka taimaka ka dawo musu da ita.

Toh abu biyu. Na farko ki shiga saitin ɗin WhatsApp, wajen akawun, akwai tabbatarwa mai mataki biyu, tun 2017 suka kawo ta amma har yau da yawa basu kunna ba. Za ki zaɓi fin mai lamba 6 na kanku, ki haɗa da imel. Ko Baba ya karanta musu lambar tes ɗin, sai an tambaye su wannan fin ɗin kuma basu dashi. Kar ki saka 123456 ko shekarar haihuwa dan Allah.

Na biyun yafi wuya, shine zama da Baba. Iyayenmu suna da kunya da kara, mutum ya kira su da girmamawa ba za su iya ce masa a'a ba. Ni abin da na ce wa Hajiyarmu shine duk wanda ya kira yana neman wata lamba, ko da muryar limamin unguwa ce, ta ce masa yarinyar da ke duba min waya bata nan, in ta dawo za ta kira ka. Kin ga bata yi masa rashin kunya ba kuma bata bada komai ba. Wannan jumlar ta fi duk wani saitin aiki a wajenta.

Abokin Baban naku kuma ku faɗa wa 'ya'yansa, indai layin yana hannunsa ya sake rijistar WhatsApp da lambarsa, sabuwar lamba za ta shigo, yana sakawa ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya saka nashi fin ɗin sai an jira kwana 7 kafin a shiga, amma dai an fitar dashi. Kafin nan a yi ta sanar da mutane kar kowa ya tura ko sisi.

Ɗan_Zazzau

Ni fa gsky ban yarda da zancen GB ɗin nan ba, na daɗe ina amfani dashi ba abin da ya same ni, ga ɓoye onlayin ga ganin saƙon da aka goge. Kawai tsoratar da mutane akeyi.

MaiGyara_FarmCentre

Malam Ɗan Zazzau wa ya ƙera GB ɗin, ina ofishinsu, in wani abu ya faru wa za ka kama? Baya Play Store, kowanne shafi da irin nasa. Kamfanin WhatsApp da kansa tun 2019 yake rufe layukan masu amfani dashi, kuma duk wata sai an kawo min waya an rufe mai ita yana cewa kwastomominsa duk a nan suke. Kai saurayi ne kana son ganin abin da budurwa ta goge, Allah ya bada sa'a, amma dattijo mai fansho me zai yi da ɓoye onlayin.

Mai_POS_Sabongari

Duk abin da aka faɗa daidai ne amma an bar babban. Layin. Mu da muke harkar kuɗi kullum mun san ɓarawon waya yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, yana fizga a cikin Adaidaita ko wajen jana'iza abin da zai fara yi shine zare layin ya saka a ƙaramar waya. Duk zanen da kika saka a fuskar wayar da ɗan yatsa bai shafi layi ba. Da layin a hannunsa alat yana nuna masa bankin da kake, lambar sirrin da banki ke turowa shi za ta samu, Facebook da Gmail ma in ya ce ya manta fasawod ta layin za a turo masa hanyar canzawa. Na ga wanda kafin ya je ofishin layi da safe har bashi an ci da sunansa.

Maganin kyauta ne, kulle sim. Yana cikin saitin wajen tsaro, ki saka fin mai lamba 4, duk lokacin da aka kashe wayar aka kunna ko aka saka layin a wata sai an tambaya. Amma ki yi hattara, in aka yi kuskure sau 3 zai rufe ya nemi PUK, lamba 8 ce tana jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, in aka yi kuskurenta sau 10 layin ya mutu sai an je an sake. Dan haka ki nemo katin nan ko ki karɓi PUK ɗin daga kamfanin layin kafin ki fara, kar ki yi ta cinke.

Sannan ki tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe akawun daga kowacce waya in an sace, ki rubuta ki ajiye. Kuma ki duba cikin lambobinsa, dattawa da yawa suna ajiye BVN da NIN da fin ɗin ATM a matsayin suna, za ki ga an rubuta "fin banki" ƙiri-ƙiri. Ki goge. Wasu za su ce kar a rubuta fasawod a takarda, ni ban yarda ba, ga mutum irin Baba littafi a cikin akwatin da yake ajiye takardun gida yafi waya aminci sau dubu, ɗan damfarar da ke wani gari ba zai shigo ɗakinsa ba. Kawai kar takardar ta zauna a bayan kwandon wayar.

Ita kuma ta bashin nan goge ta yau ba gobe ba. Irinsu ne ke kwashe lambobin mutum, in ya makara kwana biyu su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙo wai ɓarawo ne, har da hotonsa. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022 ta kuma ce sai sun yi rijista, Google ma daga ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotuna. Shi yasa da yawansu suka koma yawo ta linki da Xender, wadda aka saka wa Baba da alama irinsu ce.

Auta_Fagge

Kai ngd sosai Allah ya saka da alheri ya jiƙan iyaye. Na duba, Gmail ɗin sunan wani ne daban ma ba na Baba ba, na cire na buɗe sabo, na goge tarkacen, tallar ta tsaya. Fin ɗin WhatsApp ma na saka. Anti Uwar Biyu na faɗa masa jumlar nan yayi dariya ya ce ai dama ni ce sakatariyarsa. Saura kulle sim, katin ya ɓata tuntuni. Kuma yanzu Yaya yake faɗa min wai layin ba da sunan Baba akayi rijista ba, wani yaron maƙota ne ya sayo masa shekarun baya, shi kuma yaron yana Fatakwal yanzu. Wannan matsala ce?

Mai_POS_Sabongari

Matsala ce babba ƙanwata. Tun Disambar 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowanne layi da NIN, a wajen kamfani mai layi shine wanda NIN ɗinsa ke kai, ba wanda ke riƙe da wayar ba. Yau in layin ya ɓata ko ya lalace Baba ya je a dawo masa dashi, za a ɗauki hotonsa da yatsunsa a ga bai yi daidai ba, ba za su bashi ba, PUK ɗin ma da wuya su faɗa muku. Shi kuwa yaron ko yana Fatakwal zai iya shiga ofis ya ce layinsa ya ɓata a bashi sabo, alat ɗin fansho ya koma hannunsa. Ban ce zai yi ba, amma ikon yana wajensa.

Ki fara dubawa, ku je ofishin kamfanin da Baba da katin NIN ɗinsa a ga sunan wa ke kai, wataƙila lokacin haɗawar an gyara baku sani ba. In har na yaron ne, mafi sauƙi ku sai sabon layi da NIN ɗin Baba, ku je banki dashi da kansa a cike fom a canza lambar alat da wadda ke kan BVN, a sanar da masu biyan fanshon, sannan a WhatsApp akwai wajen canza lamba, yana ɗauke guruf-guruf ɗinsa duka zuwa sabon. Tsohon kuma kar ku jefar da wuri, ku riƙa saka masa kati ana ɗan kira dashi har ku tabbatar ba abin da ya rage a kansa, dan layin da aka daɗe ba a amfani dashi kamfani yana sake sai da shi ga wani. Ku je da safe kafin layi yayi tsawo, ku tafi masa da kujera in da hali.