Muhawara (Yulin 2024): Wai da gaske ƙungiyar besbol ta New York Yankees ta bana mutum biyu ce kawai?

Ɗan Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gama yanke hukunci, Yankees ɗin 2024 masu bugu Aaron Judge ne da Juan Soto, sauran ƴan rakiya ne. Luis Severino da ya bar mu ya koma Mets ya ce masu bugu biyu kawai muke da su na kirki, mutane suka ji haushi, to gashi Mets ta zo har gida Bronx ta mana 3-2 ta dawo jiya ta mana 12-3, wasa huɗu muka yi da su bana duka sun cinye. A tsakiyar Yuni muna da ci 50 faɗuwa 22, yau muna 60 da 44. Ku yi lissafin da kanku. A ajiye DJ LeMahieu da Torres da Verdugo a benci kafin su ƙarasa mu

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Alhaji ka cika gaggawa wlh. Wasa 162 ake yi a kaka, saura 58, kuma har yanzu Baltimore ce kaɗai a gabanmu a rukuni, tazarar ma ba wata babba ba

Ɗan Kumasi: Malam ka kalli wasan Talata kuwa? Sau huɗu suka ƙi jefa wa Judge ƙwallon da zai iya bugawa, suka barshi ya taka zuwa bes na farko kyauta, saboda sun san wanda ke biye da shi ba abin tsoro bane. J.D. Davis fa aka sa a gurbi na huɗu a jerin masu bugu, bayan Judge, mutumin da Oakland ta sallama a watan jiya. In ba shaidar mutum biyu bace wannan to meye

Bazazzagi: Afuwan manya ni ɗan ƙwallon ƙafa ne an sako ni nan ne kawai. Ƙungiya ta sha kashi sau 44 kuma koci na nan daram? A Firimiya da tuni ya tattara kayansa

Baban Ilham: Hhhh ƙanena besbol daban ne. Kusan kullum ake wasa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, ƙungiyar da tafi kowa kyau ma sai ta faɗi wajen sau 60. Shi kansa mai bugu in yana dacewa sau uku cikin goma to gwani ne, shine kaga ana rubuta .300. Kuma ba a faɗawa rukunin ƙasa, in baka zo na ɗaya a rukuninka ba akwai gurbin wild card guda uku, wato ƙarin guraben shiga zagayen gaba

Maman Twins: Ni abinda ke bani mamaki da ku maza shine saurin mantuwa. Wa kuka yi wa ihu a watan Afrilu? Judge ɗin nan dai da Alhaji ke yabo yanzu. Ya gama Afrilu da .207, a filin gida aka masa ihu, mai gidana har cewa yayi dala miliyan 360 ɗin nan ta tafi a banza. Watan Mayu kaɗai ya buga hom ran 14 (bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili), kafin hutun All-Star na tsakiyar kaka yana da 34. Da an bi shawarar irinku da an ajiye shi tun lokacin

Ɗan Kumasi: Haba Hajiya, kar ki haɗa Judge da LeMahieu dan Allah. Judge mutum ne da ya buga 62 a 2022, wata ɗaya ne ya ɓace masa. DJ shekararsa 36, ya karye a ƙafa tun lokacin atisaye, sai ƙarshen Mayu ya dawo, daga nan zuwa yau ko .200 bai kai ba, kuma ba ma rashin dacewar bane ke damuna, yadda ƙwallon ke fita daga sandarsa ne, duk a ƙasa take gangarawa a hankali kai tsaye hannun mai tsaron bes, ko gudun da zai riga jifa ma babu. Na san shi ne yafi kowa dacewar bugu a 2016 da 2020, Allah Ya saka masa, amma jiki ya gaji

Direban 161: Alhaji na da gaskiya a kan DJ. Ni ina aiki a River Avenue jiya da dare, tun kafin a tashi wasan mutane suka fara fitowa, wasu sun haye jirgi lamba 4 wasu suna tare mota. Wani dattijo ya shigo da jikansa, yaron na sanye da rigar Judge mai lamba 99 yana cin ragowar gyaɗarsa, dattijon bai ce min uffan ba har gada sai rediyo da yace in kashe. Amma fa jiya ba masu bugu bane suka kashe mu, mai jifanmu Gerrit Cole aka farfasa, Lindor na Mets shi kaɗai hom ran biyu. Ko Judge goma gare ka in an zura maka 12 ka faɗi

Baban Ilham: Yauwa maigida, nan nake so a zo. Lokacin da muke 50 da 22 ɗin Cole ma bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba saboda gwiwar hannu, Luis Gil da sauran masu jifa ne suka riƙe mu. Da suka sauko sai asirin masu bugu ya tonu. Ga Rizzo ya karye a hannu a Boston tsakiyar Yuni, ga Stanton ya ji ciwo a cinya bayan kwana kaɗan. Mutum biyu kenan daga tsakiyar jeri. Kace a zaunar da mutum uku, to wa zaka sa? Ben Rice kaɗai ne sabon jini, kuma shima tun bayan hom ran ukun da ya yi wa Red Sox ranar 6 ga Yuli an fara gano lagonsa

Ɗan Kumasi: Sai Cashman, janar manajan ƙungiyar, ya siyo mana. Tun 1998 yake kan kujerar nan, kofi rabonmu da shi tun 2009, bara ma 82 da 80 muka gama ko zagayen gaba bamu leƙa ba. Ranar Talata 30 ga wata ake rufe kasuwar musaya. Soto kuma kwantiraginsa bana zai ƙare, in yaga gidan ba tabbas kana ganin zai zauna?

Maman Twins: Siyowar ma ai ba taurari ake siyowa ba Alhaji. Atlanta a 2021 sun rasa Acuña a watan Yuli, faɗuwarsu tafi cinsu, suka kwaso mutum huɗu a araha. Jorge Soler .192 yake bugawa a Kansas City lokacin, irin wanda kai zaka ce a kora kenan, shi ne ya zama gwarzon World Series ɗin shekarar, wato wasannin ƙarshe na cin kofi. Trea Turner ma bara a Philadelphia da ya rikice maimakon ihu magoya baya tashi suka yi suka tafa masa, yaron ya dawo hayyacinsa. Mu nan sai zagi

Direban 161: Hajiya ni Torres ne ban gane masa ba. Shekara 27, a 2019 hom ran 38 ya buga, bana kwantiraginsa zai ƙare yakamata ace shi yafi kowa zafi, amma sai kaga ya buga ƙwallo yana tafiya kamar an masa dole, har koci Boone ya zaunar da shi a Yuni. Rashin sa'a ana haƙuri da shi, rashin gudu fa?

Ɗan Kumasi: Ka tuna wasan ƙarshe kafin hutu a Baltimore? Rice ya buga hom ran muna gaba 5-3 a zagaye na tara wanda shi ne na ƙarshe, saura mutum ɗaya a fitar a tashi, ƙwallo ta gangaro wajen Volpe ta kuɓuce masa, na gaba ya ɗaga ta hagu Verdugo ya fara rugowa gaba sannan ya tuna baya zata, ya juya ya faɗi ƙasa warwas. 6-5. Wannan ma ciwon Stanton ne ya jawo?

Baban Ilham: Wannan kam ta yi ciwo bazan musa ba. Amma Volpe ɗin shi ya ci Gold Glove, kyautar gwanin tsaron fili, bara a shekararsa ta farko, kuskure ɗaya ne. Na yarda a rage wa DJ wasa a nemo mai tsaron bes na uku kafin Talata. Torres kuwa a barshi, ina da yaƙinin zai farfaɗo

Ɗan Kumasi: To mun samu ɗaya cikin uku. Verdugo fa?

Baban Ilham: Verdugo sai bayan wasa ukun Boston, tsohon gidansa ne, mu ga ko zai tuna yadda ake bugu a filinsu na Fenway

Bazazzagi: Ni dai har yanzu ba wanda ya bani amsa a kan kocin

Maman Twins: Ka bari ƙanena, in aka buɗe maganar Boone yau ba mai zuwa aiki