Shin ya kamata in shiga ƙungiyar lauyoyin Birmingham, ko rajistar SRA ta wadatar?

Lauyan Fagge:

Assalamu alaikum. Manyanmu da abokan aiki, ina neman a haska mini wani al'amari da ya shige mini duhu. Na yi shekara bakwai ina aikin lauya a Kano kafin in taho Ingila, kuma a bara Allah ya ba ni ikon cin kashi biyun jarrabawar SQE ta cancantar zama solisita, wato lauyan da ke aiki kai tsaye da masu neman taimakon shari'a, aka sa sunana cikin rajistar SRA, hukumar da ke kula da aikin solisita. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ofishi a Birmingham, mu huɗu ne lauyoyi, kuma yawancin aikinmu cinikin gidaje ne da harkar shige da fice. Makon jiya wata abokiyar aiki ta ajiye mini takardar shiga ƙungiyar lauyoyin garin a kan teburi, ta ce in duba. A gida dai reshen NBA, ƙungiyar lauyoyin Najeriya, ba abin shawara ba ne, domin mutum zai biya kuɗin aiki kafin 31 ga Maris, ya biya kuɗin reshe, ya karɓi hatiminsa, in ba haka ba takardunsa su sami cikas a kotu. Shin ita ma wannan ƙungiya haka take, dole ce? Idan kuma ba dole ba ce, me take tsinana wa mambobinta da har zan fitar da kuɗina?

Bazazzagi a Manchester:

Wa alaikumus salam. Barista, barka da wannan nasara, Allah ya sa albarka. Abin da ya rikita ka shi ne a Ingila da Wales an raba aikin da NBA take haɗawa wuri guda zuwa hannu uku. Akwai hukumar SRA, wadda ta fara aiki a 2007 kuma ofishinta yana nan garinku, ita ce mai ba da takardar izinin aiki da ake sabuntawa a watan Oktoba na kowace shekara, ita ce kuma mai binciken lauyan da aka kai ƙara. Akwai babbar ƙungiyar solisita ta ƙasa da ke Chancery Lane a Landan, wadda aka kafa a 1825, aikinta wakilci da magana da gwamnati. Sannan akwai ƙungiyoyin garuruwa da yankuna, waɗanda ba rassan ta Landan ba ne ko kaɗan, kowacce cin gashin kanta take yi da shugabanta da asusunta. Wasunsu ma sun girmi ta ƙasar, domin ta Bristol tun 1770 take, taku ta Birmingham kuwa 1818. Ta Liverpool ta biyo a 1827, tamu ta Manchester a 1838.

Saboda haka shiga ba dole ba ce, kuma babu alƙalin da zai tambaye ka shaidar zama mamba. Amma kafin ka cike takardar, ka fara tambayar shugaban ofishinku, saboda ofisoshi da yawa suna biya wa ma'aikatansu gaba ɗaya a dunƙule, kada ka biya abin da an riga an biya maka.

Game da amfaninta, ni abin da na fi gani shi ne kwamitoci. Kowane fanni yana da nasa: laifuka, iyali, ƙwadago, filaye da gidaje, da sauransu. Duk lokacin da Ma'aikatar Shari'a ko SRA suka fitar da wata shawara suna neman ra'ayin jama'a, waɗannan kwamitoci ne suke zama su rubuta amsa da sunan lauyoyin garin, kuma manyan ƙungiyoyi biyar, wato Birmingham da Bristol da Leeds da Liverpool da Manchester, suna da zaman haɗin gwiwa da suke yi a kan irin waɗannan batutuwa. Wanda ya ga yadda dokar rage tallafin shari'a ta 2012 ta fara aiki a Afrilun 2013, ta cire yawancin shari'o'in iyali da na shige da fice daga tallafin gwamnati, ya san cewa ofishi mai lauya huɗu ba shi da muryar da za ta kai Landan shi kaɗai.

Bakatsiniya a Leeds:

Yaya Bazazzagi ya gama bayanin tsari, ni kuwa zan faɗi abin da na gani da idona, tun da ni ma ta hanyar da ka biyo na biyo. Tun Nuwamban 2016 SRA ta daina tilasta sa'o'i 16 na ƙarin ilimi a shekara, ta bar wa kowa ya auna inda yake da rauni, ya nemi horo, ya kuma yi shaida a kan hakan lokacin sabunta takarda. A baki wannan sauƙi ne, amma ga mai ƙaramin ofishi nauyi ne, domin manyan kamfanoni suna da masu horar da su a cikin gida, kai kuwa sai ka nema da kanka, kuma kwasa-kwasan 'yan kasuwa suna da tsada. Ƙungiyar garin da nake tana shirya darussa na sa'a ɗaya ko biyu, wasu ta intanet da tsakar rana, wasu da yamma bayan an tashi aiki, kuma mamba yana biyan ƙasa da wanda ba mamba ba, wani lokaci ma kyauta.

Tun da cinikin gidaje kake yi, ka mai da hankali sosai ga darussan dokar hana halasta kuɗin haram ta 2017 da ƙa'idojin asusun da ake ajiye kuɗin masu hulɗa da ofishi. Ba zan manta da wani zama da na halarta a wata ranar sanyi ba, a wani ɗaki da bai fi cin mutum talatin ba, an jera kofunan shayi a bakin taga. Mai jawabin ta ɗauko misalin matashin da zai sayi gida, ya ce rabin kuɗin kyauta ce daga kawunsa da ke ƙasar waje, ta tambaye mu takardun da za mu nema kafin kuɗin su shiga asusun ofishi. Na yi murmushi a raina, domin a wurinmu wane ne zai ce wa kawu ya kawo bayanan bankinsa saboda ya taimaki ɗan 'yar'uwarsa? Amma nan dole ne ka bi asalin kuɗin, ka rubuta abin da ka gani, ka ajiye a fayil. Washegari na koma ofis na sake duba fayiloli biyu da nake riƙe da su.

A wannan zaman ne kuma na haɗu da wata dattijuwar lauya mai aikin wasiyya da rabon gado, muka yi musayar kati. Yau duk wanda ya zo mini da irin aikinta wurinta nake tura shi, ita ma tana turo mini masu matsalar biza. Baƙo a wannan ƙasa ba shi da abokan makarantar koyon aikin lauya da zai ɗaga waya ya kira, don haka sai ya nemi inda ake haɗuwa.

Mai Lura:

Ina neman afuwar 'yar'uwa Bakatsiniya, amma kada a yi wa Barista zuƙi ta malle. Na biya kuɗin mamba shekara biyu a garin da nake, abin da na samu bai wuce mujalla da saƙonnin imel ba, sai gayyatar liyafar shekara da bikin ba da lambobin yabo, inda kuɗin kujera ɗaya ya isa cefanen mako, kuma manyan kamfanoni ne suke sayen tebura su cika su. Yawancin tarukan sada zumunta a wuraren shan giya ake yin su, wanda ba kowannenmu ne yake sakewa a ciki ba. Gaskiya ne ban taɓa shiga wani kwamiti ba, watakila laifina ne, sai dai mai aiki har ƙarfe bakwai na dare ga yara a gida, ina ya ga lokacin zaman kwamiti?

Lauyan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya wadda ita ce ta fi damuna. Idan Allah ya kawo tsautsayi wani ya kai ƙarata, shin ƙungiyar za ta tsaya mini kamar yadda shugaban reshe yake shiga tsakani a gida?

Bazazzagi a Manchester:

A'a Barista, kada ka dogara da hakan. Ƙorafin rashin kyawun aiki, kamar jinkiri ko cajin da ya wuce kima, ofishinku ne zai fara duba shi, idan mai ƙorafin bai gamsu ba ya wuce wurin hukumar sauraron koken masu hulɗa da lauyoyi, wadda ita ma a Birmingham take. Zargin rashin gaskiya ko taɓa kuɗin mai hulɗa kuwa na SRA ne, kuma idan ya yi tsanani a kai shi kotun ladabtar da solisita. Shugaban ƙungiyar gari ba shi da kujera a ko ɗaya cikin waɗannan wurare. Idan kuskuren aiki ne ya jawo wa wani asara, inshorar ofishinku ce za ta ɗauki nauyi, kuma SRA ta wajabta aƙalla fam miliyan 2 ga kowace da'awa, miliyan 3 idan ofishin kamfani ne mai rajista. Abin da ƙungiyar za ta iya yi shi ne ta nuna maka ƙofofin da ya kamata ka buga: SRA tana da layin waya na neman shawara a kan ɗa'ar aiki kafin ka yi kuskure, akwai LawCare mai sauraron lauyan da damuwa ta yi masa yawa, akwai kuma gidauniyar jin ƙan solisita da ta samo asali tun 1858 domin wanda ciwo ko rashin aiki ya durƙusar.

Maganar Mai Lura a kan wuraren taro tana da ƙamshin gaskiya, na sha riƙe kofin lemo ina kallon agogo. Sai dai abubuwa suna sauyawa: a Oktoban 2022 Lubna Shuja, wadda ofishinta na mutum ɗaya yake nan Birmingham, ta zama Musulma ta farko da ta shugabanci babbar ƙungiyar ta ƙasa. Shawarata ita ce ka fara halartar darasi ɗaya a matsayin baƙo, ka biya kuɗin wanda ba mamba ba, ka ga irin mutanen da suke zuwa. Idan wurin ya kwanta maka, ka rubuta wa sakatariyar ka nemi a sa ka a kwamitin filaye da gidaje, kuma ka tambaye su tun farko ƙarfe nawa suke zama.