Neman shawara: a ina ya kamata mu kwana a hanyar hamada, ga yara ga tsohuwa a mota?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka saba doguwar tafiya a mota musamman ta cikin hamada. Akwai tafiya a gabana ƙarshen watan nan, wajen kilomita 1,100 ce kuma yawancinta kwalta ce miƙaƙƙiya cikin rairayi, ni kaɗai ne mai tuƙi, ga maiɗakina ga yara biyu ƙanana sai mahaifiyata wadda ta manyanta kuma tana fama da hawan jini. Na san dai ba za ta yiwu a yini ɗaya ba dole a kwana a hanya, to inda za a kwana ɗin ne ya tsaya min a rai.

Wurare uku ne. Na farko babban gari ne a kilomita 420, akwai otal akwai asibiti akwai kanikawa, amma sai nake ganin yayi kusa da yawa, za a tara wa washegari aiki. Na biyu gidan mai ne mai 'yan ɗakunan kwana a kilomita 560, kusan tsakiyar hanya kenan, sai dai shi kaɗai ne a fili ba gari kusa da shi. Na uku ƙaramin gari ne a 780, in muka kai can abin da ya rage ba yawa, amma fa tsakanin na biyu da na uku kilomita 220 ne babu gidan mai babu sabis babu kowa. Yamma za mu nufa, niyyata mu tashi ƙarfe 7 na safe, motar kuma in tanki ya cika tana yin kamar 550. Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga na uku don in rage hanya, amma hankalina bai kwanta ba. Wanne kuke gani?

Direban tirela:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena cire na uku daga ranka tukuna sannan mu yi magana. Kana lissafi da kilomita ne, mu kuwa da rana muke lissafi. Mutum da iyali da yara da tsohuwa, a tsaya a yi sallah a tsaya a zaga a sha mai a miƙe ƙafa, ko kana taka 100 a kwalta in ka haɗa duka da tsaye-tsaye ba za ka wuce kilomita 70 a awa ba. To raba 780 da 70, awa 11 ne da ɗoriya, ka tashi 7 ka isa bayan 6 na yamma, kuma wannan in komai ya tafi daidai kenan ko faci ɗaya ba ka yi ba. Ka ga ke nan wancan kangon na kilomita 220 da la'asar za ka shige shi, lokacin ka riga ka gaji, rana ta sauko tana dukan idonka tunda yamma ka nufa, in taya ta fashe a tsakiya duhu zai same ka kana kwance ƙarƙashin mota da tocila a baki ga yara na kuka ga ba sabis.

Wurin da ya fi kowanne wofi a hanya da safe ake shigarsa, tanki cike, ido a wartsake, rana tana bayanka, in wani abu ya faru kana da yini guda a gaba kuma motoci na wucewa. Don haka kwananka kafin kangon ne ba bayansa ba. Ni na biyu zan ce maka, wajen 3 na rana ka isa, amma da sharaɗi: ka cika tanki dam a babban garin nan na 420, kar ka dogara da man gidan man da ke tsakiyar hamada don tankarsu kan makara su kwana biyu ba ko ɗigo. Daga 420 zuwa 780 kilomita 360 ne, tankinka zai kai ka ko da esi da kaya sun ci wani abu a kai.

Maman Biyu:
Ni dai Malam, wuri na farko zan zaɓa wallahi, saboda Hajiya. Ku maza in dai akwai mai da wurin ajiye mota shikenan an gama, amma mace da yara banɗaki mai ruwa suke buƙata da ɗaki mai kulluwa ta ciki da wutar da ba za a kashe janareto ƙarfe goma a bar ku cikin zafi ba. Sannan dare ne lokacin da jikin tsofaffi ke tashi, in jininta ya hau ƙarfe biyu na dare a gidan man nan asibiti mafi kusa kilomita 140 ne a bayanka, cikin duhu, kai kuma daga barci ka tashi. Ku isa garin da azahar, yara su yi wanka su yi wasa, kai ka kai mota a duba, ku kwanta da wuri ku yi sammako.

Direban tirela:
Hajiya maganarki gaskiya ce ban musa ba, amma duba washegari, 680 ta rage masa, kusan awa 10 kenan a rana ta biyu da jiki ya riga ya ji tafiya. Sai in zai tashi da asuba sosai.

Maman Biyu:
To ya tashi da asubar mana Baba, ai gara doguwar rana da dogon dare.

Ɗan saurayi:
Yaya ni fa inaga ku bar wahalar da kanku, tafiyar hamada ai dare aka fi jin daɗinta, ba zafi injin baya wahala taya bata zafi hanya fayau yara na barci. Ku tashi da yamma kawai ka taka zuwa safe kun ci fiye da rabi.

Direban tirela:
A'a yaro, kar ka ba shi wannan shawarar. Mu da kake gani da dare mu biyu ne a gaba muna karɓa-karɓa, kuma motarmu tana sama. Shi ƙaramar mota gare shi. Raƙumi da jaki da dare suke hawa kwalta, kuma raƙumi ƙafafunsa dogaye ne, in ka buge shi ƙafar kake sharewa gangar jikin ta faɗo ta gilashin gaba kan mutanen ciki. Ƙaramar fitila abin da take haska maka sosai bai wuce mita 50 zuwa 60 ba, mota kuwa a gudun 100 kafin ka gani ka taka burki ta tsaya ta ci fiye da mita 70, ka ga kafin ka ga abu ka riga ka same shi. Ga yashi da iska ke tarawa a kan kwalta, da rana ka hango ka rage, da dare sai dai ka ji sitiyari ya ƙwace.

Ma'aikaciyar jinya:
Ina goyon bayan Baba direba a kan tuƙin dare, in ƙara da abin da na sani ta ɓangarenmu. Barci ya fi danne mutum tsakanin 2 zuwa 6 na asuba, sai kuma wani ƙaramin nauyi da ke zuwa bayan azahar wajen 2 zuwa 4, kuma miƙaƙƙiyar hanya da ba kwana ba gari ita ta fi jawo gyangyaɗi. A gudun 100 mota na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ido ya rufe daƙiƙa 4 ka wuce mita 100 ba mai riƙe da ita, kuma mutum ba ya ma sanin ya rufe. In ka fara hamma ko ka kasa tuna kilomitocin da ka wuce yanzu-yanzu, buɗe taga da ƙure rediyo ba sa magani, tsayawa za ka yi ka kwanta minti 15 zuwa 20.

Game da Mama, dan Allah ta ga likitanta kafin tafiyar. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, to sai tsofaffi su ƙi shan ruwa don kar su dinga tsayar da mota, a zafin hamada kuwa wannan ne ke kawo jiri da faɗuwa. Ku tsaya duk bayan awa biyu ta sauko ta taka, zama wuri ɗaya na tsawon awanni yana kumbura ƙafa har ya iya sa jini ya daskare a jijiya. Maganinta ya zauna a jakar hannu ba a aljihun gaban mota da rana ke gasawa ba. Ruwan sha aƙalla lita 4 zuwa 5 kowane mutum a yini, da ƙarin na kwana guda ko da za a tsaya. Yara kuma ko minti biyar kar a bar su a rufaffiyar mota, cikin minti 10 zafin ciki kan ƙaru da kusan digiri 10.

Ni a tsakanin biyun na fi son garin da ke da asibiti.

Wani ɗan uwa:
In aka je gidan man aka tarar ɗakuna sun cika fa? Ba sai a kwana a mota a kunna esi ba?

Bakanike:
Kul. Kar wanda ya kwana a mota injin na aiki gilashi a rufe. In salansa na da 'yar ɓula, ko iska ta juyo da hayaƙin ƙarƙashin mota, akwai guba a cikinsa wadda ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba zai farka ya ce kansa na ciwo ba. In ta kama dole a kwana a mota a kashe injin a ɗan sassauta gilashi, a ajiye ta inda akwai haske da mutane, nesa da bakin kwalta. Kuma ku tafi da bargo, hamada da dare sanyi take yi sosai saboda iskar busasshiya ce ba gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana nan da nan yake tashi. Kar kuma a ga wani kwari ko busasshen rafi mai laushin yashi a ce nan za a shimfiɗa, ruwa kan sauka a can nesa inda ba ku gani ba sai dai ambaliya ta biyo ta cikinsa.

Yallaɓai mai tambaya, tayoyinka nake ji. A gefen kowace taya bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 kenan a 2019. In ta haura shekara 6 ka sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba, mai tsattsagewa a gefe kuwa canza ta. Iska da safe ake aunawa taya na sanyi, a sa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba na mota mai kaya. In ka tsaya da rana ka ga iskar ta hau kar ka sace ta, haka take yi in ta yi zafi, tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwasa ta ɗau zafi ta fashe. Ta cikin but ma a auna ta, mutane na mantawa da ita. In injin ya yi zafi kar ka buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Tsohon matafiyi:
Ɗana ba sai ka yanke tun daga gida ba, agogo ka bari ya yanke maka. Ka kira wurare biyun tun yanzu, ka tambayi na gidan man ko ɗakunan na aiki, akwai ruwa, akwai mai gadi, ƙarfe nawa suke kashe wuta. In ba wanda ya ɗaga waya ko amsar ta zo a daddagule to ka samu amsarka. Ran tafiya in ka isa garin farko ka sha mai ka dubi fuskar mahaifiyarka ka dubi agogo, in har biyu ta yi ba ku fita daga garin ba, ko ka ga ta galabaita, ko sama ta yi ja da ƙura, ku sauke kaya kawai. Sannan kafin sabis ya ɗauke ka sauke taswirar hanyar a waya, ka gaya wa wani na gida inda za ku kwana da lokacin da ya kamata ya ji ku washegari. In Allah ya kiyaye mota ta tsaya a kangon nan kar kowa ya bar ta ya ce zai taka neman taimako, mota ake hangowa daga nesa ba mutum ba, kuma ita ce inuwarku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na uku dai na cire shi. Na karanta wa maiɗakina duka ita ma garin farko take so saboda Hajiya, don haka can zan kama ɗaki, mu tashi da an idar da asuba yadda za mu shiga kangon wajen 8 na safe mu fita kafin rana ta take. Tambaya ɗaya ta rage Malam bakanike, in ɗauki jarkar fetur a but ko ba sai na ɗauka ba?

Bakanike:
In ka cika a garin ka kuma ƙara a gidan man in akwai, 360 ce a gabanka ba ka buƙata. In hankalinka ya fi kwanciya da ita to ta ƙarfe wadda aka yi don mai, kar ka cika ta har baki don fetur na kumbura a zafi, ka ɗaure ta a tsaye, kuma in but ɗinka a haɗe yake da inda yara ke zaune bar ta a gida, ka sa jarkar ruwa a wurin.