Cire tsohon gam da sake manna soso a kayak na zaren gilashi

Kayak ƙaramin kwale-kwale ne da ake manna soso a cikinsa don ya riƙe ƙugu da gwiwar mai tuƙi. Masu irin wannan kwale-kwale sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a shafa sabon gam a kan tsoho, ba zai riƙe ba.

A fara ɗumama tsohon gam da na'urar busar da gashi, idan ya yi laushi a kankare da abin roba. Ƙarfe yana karce jikin jirgin, zafi mai yawa kuma yana lalata ƙaron da ya haɗe zaren.

Wajen maganin narkar da ragowar gam ne aka rabu. Wasu sun fi son asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, saboda sauri, amma idan ya jima a wurin yana iya cin fuskar jirgin, don haka a jiƙa tsumma a goge, kada a zuba. Wasu sun zaɓi mai ɗauke da man ɓawon lemo. Bai kai asiton ƙarfi ba, sai dai yana barin maiƙo, sai an bi shi da sabulu da sifirit. A ganina a gwada kowanne a lungu tukuna. A yi aikin a waje, nesa da wuta, domin tururin yana taruwa cikin jirgin.

Daga nan a ɗan goga samfefa, a share ƙura. A nemi soson da ba ya shan ruwa, a kafa shi da tef, a zauna a gwada. Wannan matakin ya fi damuna: dole soson ya riƙe ƙugu da gwiwa, amma mutum ya iya zamewa ya fita idan jirgin ya kife.

A zana wurin da fensir, a shafa gam irin na masu gyaran takalmi a ɓangarorin biyu, soson sau biyu. Idan gam ɗin ya daina kama yatsa a haɗa a danna, don ba ya gyaruwa bayan haka. A bar shi awa 24 kafin shiga ruwa.