Rada da radiyomita a jirgi ɗaya: me ya sa alƙalumansu ke saɓawa a kan tudu?

Ɗalibar Yanayi:
Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri kan auna ruwan sama daga jirgin sama. An ba ni bayanan na'urori biyu da suka ratsa hadari guda, rada da radiyomitar maikirowef (gajerun igiyoyin rediyo). A kan teku alƙalumansu kusan tafiyarsu ɗaya. Da jirgin ya tsallake gaɓa ya hau tudu, sai radiyomita ta riƙa nuna yayyafi a inda rada ke cewa ana tsuga ruwa. Wacce zan kama? Abin ya dame ni ƙwarai, don aikin nawa kacokan a kan wannan kwatancin ya tsaya.

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Radiyomitar lafiyarta ƙalau. Radiyomita ba ta aika komai, kunne kawai take kasawa ga igiyoyin da kowane abu ke fitarwa saboda zafinsa. Teku na fitar da wajen rabin abin da zafinsa zai iya bayarwa, don haka a wurinta sanyi gare shi. Ɗigon ruwa kuwa na fitar da nasa sosai, sai hadarin ya bayyana kamar fitila cikin duhu. Tudu na fitar da kusan kashi 90 cikin 100, sai shi da ruwan su saje. Dole a koma zangon 85 zuwa 89 GHz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya), inda ƙanƙarar saman gajimare ke warwatsa igiyoyin. Ke nan a tudu ƙanƙara take gani, daga nan ake kintatar ruwan. Hadarin da ba shi da ƙanƙara a samansa zai iya wuce ta salin-alin.

Mai Rada:
Gaskiya ne, Malam. Amma 'yar'uwa, kada ki ɗauki maganar rada yankan wuƙa. Ita aikawa take yi ta jira amsa, kuma manyan ɗigo ne ke mamaye amsar. Ɗigo ɗaya mai faɗin milimita 2 yana mayar da amsa daidai da ɗigo 64 masu milimita 1, alhali ruwan cikinsa na guda 8 ne kawai. Lissafin Z = 200R^1.6 da aka saba (Z ƙarfin amsar da rada ke samu, R yawan ruwan da ke sauka), wanda ake dangantawa da masana Marshall da Palmer, bai dace da kowane hadari ba. Ki kuma kula da layin da ƙanƙara ke narkewa a cikin gajimare, yana kumbura alƙaluma. In radar taki mai gajeren zango ce, ruwa mai ƙarfi na cinye siginar kafin ta kai ƙasa.

Ɗalibar Yanayi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To in watsar da radiyomitar ke nan?

Tsohon Injiniya:
A'a, kada ki yi haka. Tauraron ɗan'adam na TRMM da Amurka da Japan suka harba a 1997 ya ɗauki duka biyun, haka ma tauraron GPM a 2014. Rada na nuna hadari hawa-hawa amma a siririyar hanya, radiyomita na share fili mai faɗi, sai a gyara lissafinta da na rada. Ki raba bayananki gida uku: teku, tudu, gaɓa. Na gaɓa ki ajiye su gefe, don can ruwa da ƙasa na cakuɗuwa a kallo ɗaya. A tudu ki jingina da rada, ki gwada ta da ma'aunan ruwa na ƙasa da ke ƙarƙashin hanyar jirgin.