Muhawara: ƙagaggen labari yana sa yaro ya binciki kansa, ko lokacinsa kawai yake ci?

Malama Zainabu (Gadarif): Assalamu alaikum jama'a. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a Afrilun 2023, yaranmu da yawa sun daɗe ba aji, ido ya manta da takarda. A ganina, mai son ya dawo da yaro kan karatu kada ya fara da nahawu ko hisabi, ya fara miƙa masa ƙagaggen labari. Labari mai kyau yana sa mutum ya hango halinsa a jikin wani, kuma yana bar masa tambayar da sai ya buɗe wani littafin zai sami amsarta.

Ustaz Tahir (Kassala): Wa alaikumus salam. Malama, ban yarda ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Yusuf ta ce akwai izina a cikin labarinsu ga masu hankali, nan take kuma ta ce ba zance ne da aka ƙirƙira ba. Ga Sira, ga tarihin Shehu Usmanu da Muhammadu Bello, me zai kai mu ga abin da wani ya zauna ya ƙaga? Sannan ki dubi abin da ake karantawa a zahiri: labaran soyayya da ake turowa guntu-guntu a WhatsApp. Yarinya tana cikin gidan sauro ƙarfe ɗaya na dare, hasken waya a fuskarta, cajin da aka biya kuɗi aka yi yana ƙarewa. Da safe a tambaye ta abin da ta ƙaru da shi.

Malam Idi (Mai Wurno): Ustaz, ɗana, a bi a hankali da hukuncin nan. Muƙamatu Hariri guda 50 ne, kuma Abu Zaid ɗin da ke yawo a cikinsu yana yi wa mutane dabara, marubucin ne ya gina shi. Hariri ya rasu tun 1122, amma malaman zaure a ƙasar Hausa sun yi ta karantar da littafin ga manyan almajirai don lugga. Ba su ɗauke shi ƙarya ba, domin mai rubutu da mai karatu duk sun san misali ake bugawa. Ƙarya ita ce a ce maka abu ya faru alhali bai faru ba.

Ustaz Tahir: Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma Hariri a gaban malami ake karanta shi, 'yan layuka a zama ɗaya, ana fassara ana tsayawa. Ba haka yaranmu suke yi ba.

Malama Zainabu: To ai nan matsalar take, Ustaz. Labaran waya ana yanke su ne daidai inda zuciya ta rataya, don gobe a dawo. Babu gurbin tsayawa a yi tunani, tambaya ɗaya ce kullum: me zai faru? Ga yadda ya kamata a yi. A zaɓi littafi gajere wanda yake da ƙarshe, wanda za a gama cikin mako biyu ko uku. Yara kada su wuce takwas, in sun fi haka rabinsu 'yan kallo ne. Shafi 8 zuwa 10 a zama, minti 20 na karatu da murya, kowa ya karɓa, sai minti 20 na magana. A tsaya a inda wani a cikin labarin zai yanke shawara, kafin a ga abin da ya zaɓa, a tambayi kowa abin da zai yi da dalilinsa. Abin da ya fi ɓata zaman shi ne babba ya riga yara faɗin darasi. Da ya ce "wannan yana koya mana haƙuri", magana ta mutu, kowa zai gyaɗa kai ne kawai.

Hajiya Binta (Sinnar): Yaya Zainabu, akwai abin da kika tsallake. Yaranmu da Larabci suka yi makaranta, yawancinsu Hausa a baki take, ba su iya karanta ta da boko ba. In kika ɗora musu littafi kai tsaye, shafi biyu za su ajiye. A ware kwana uku ko huɗu na farko don haruffan da ke kayar da su: ɓ, ɗ, ƙ, 'y, ts da c. Wanda ya ɗan taɓa Ingilishi yakan karanta c kamar k. Kuma boko ba ya nuna doguwar wasali, yaron da ya saba da madda sai ya rikice, shi ya sa karatu da murya ya zama dole, kunne ne ke gyara wa ido. Wanda abin ya yi masa nauyi, a bar shi ya fara da ƙagaggen labari na Larabci, tsarin ɗaya ne.

Malam Idi: Bari in kawo misali don kada mu yi ta magana a iska. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, gajere ne ƙwarai. An sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara. Yaron da ya ji wannan zai tambaya: wace hanya ayari ke bi, kwana nawa, ina ake samun ruwa? Daga nan taku ɗaya ne zuwa tambayar da ta shafe shi: mu ta ina muka zo? Sai a buɗe masa yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har bakin kogin Nilu a nan Sudan. A nuna masa hanyar alhazai ta ƙasa, ta Cadi da Janaina da Fashir da Ubayyid har Sawakin, da yadda madatsar Sinnar ta 1925 da gonakin audugar Jazira suka tsayar da mutane da yawa a nan. In ka faro da shekarun nan, hadda ce. In yaron ne ya tambaya, nema yake yi.

Ustaz Tahir: Wannan ɓangaren na son sani na sallama, da sharaɗi ɗaya. Yaro zai cakuɗa abin da ya faru da abin da aka ƙaga. A raba shafin littafin rubutunsa gida biyu, dama abin da za a iya tabbatarwa a tarihi ko taswira, hagu abin da marubuci ya gina. Amma batun binciken kai har yanzu ina ja. Mai karatu kullum a gefen wanda aka zalunta yake ajiye kansa. A littafin nan kowa zai ce shi ne Makau, mijin uwar yaron, da fadawa suka yi wa sharri aka kore shi, babu mai cewa shi ne bafaden mai hassada. Mutum ya rufe littafi yana jin ya fi kowa gaskiya, ina gyaran hali a nan?

Malama Zainabu: Wallahi wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma haka yake faruwa in an bar yaro shi kaɗai. Maganinsa a juya masa kujera. A ce ya ba da labarin da bakin bafaden: me yake tsoro, me ya ga Makau ya samu wanda shi bai samu ba? A kuma tuna masa cewa shi kansa Makau daga harin kama bayi ya dawo. Yaro kan yi shiru a nan, domin wanda yake tausaya wa ma yana da nasa alhakin. Sai dai kada a tambaye shi a gaban 'yan'uwansa ko ya taɓa yi wa wani haka, kunya za ta sa ya kare kansa. Ya rubuta layi uku a takardarsa, kuma kada kowa ya duba, har malamin.

Ustaz Tahir: In ba wanda zai duba, ta yaya za mu san ya yi amfani?

Hajiya Binta: Ba za a gani a takarda ba, Ustaz. Abin da ake iya ƙirgawa shi ne yara nawa suka nemi littafi na biyu da kansu bayan an gama, da nawa suka je wa kakanninsu da tambaya. Ni damuwata kwafi ce. In ɗaya ne tak, kada a ba yaro ya tafi da shi gida, zai karance shi a dare ɗaya ya zo ya faɗa wa sauran ƙarshen. Ya kwana a hannun mai jagorantar zaman.