Tun da na kunna XMP wasa ke rufe kansa, ina neman shawara

Usman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Ryzen 5 5600 a kan bod B550, da katin hoto RTX 3060. Asali RAM ɗaya ce a ciki, 8GB DDR4-3200. Makon jiya na ƙaro wata 8GB ta hannu a kasuwa, ba kamfaninsu ɗaya ba, amma ita ma 3200 aka rubuta a jikinta. Da na saka sai Task Manager ya nuna 2400, na shiga BIOS (wurin saitin bod) na kunna XMP, wato saitin gudu da kamfani ya ajiye a cikin RAM, ta koma 3200. Tun daga nan in ina Warzone, ba a jimawa wasan ya rufe kansa, wani lokacin ma allo ya yi shuɗi. In na kashe XMP komai lafiya lau. Don Allah me ya kamata in yi?

Aminu: Wa alaikumus salam. Kafin komai, a waɗanne ramuka ka saka su?

Usman: Na farko da na biyu daga ɓangaren furosesa, suna manne da juna.

Aminu: To fara gyara wannan. A yawancin bod masu rami huɗu, guda biyu a na biyu da na huɗu ake sa su, su ne A2 da B2. Yadda ka yi yanzu layi ɗaya suke bi su biyun, alhali furosesan layi biyu ya tanada. Kamar titi ne mai hannu biyu aka toshe ɗaya. Ka cire wuta gaba ɗaya, ka mayar da su, ka danna har sai ka ji sun yi ƙas. Ka buɗe manhajar CPU-Z a shafin Memory ka tabbatar layin ya zama biyu.

Malam Bashir: Maganar Aminu gaskiya ce, amma ina kyautata zaton ba ita kaɗai ba ce. Usman, a CPU-Z ɗin ka shiga shafin SPD, mai nuna bayanan da ke ajiye a cikin RAM, ka duba kowace RAM daban. Ina ganin irin wannan a shago kusan kullum. Sabuwar da ka sayo, koriya ce tsirara babu murfin ƙarfe?

Usman: Haka take, Malam. Tsohuwar ta nuna 16-18-18-38 a 1.35V. Sabuwar kuma 22-22-22-52 a 1.2V, kuma ban ga layin XMP a nata ba.

Malam Bashir: Yauwa, ga matsalar nan. Irin waɗannan koraye galibi daga kwamfutocin ofis ake ciro su. Tana kai 3200 da gaske, amma a CL22. Da ka kunna XMP, bod ɗin ya ɗauki lambobin tsohuwar ya ɗora wa duka biyun, wato ka tilasta wa mai CL22 ta amsa a CL16. Wata takan jure, wata ba ta jurewa. Windows zai tashi, ka yi lilo a intanet ba ka ga komai ba, sai wasa ya cika ta da aiki ta ɗauki zafi, sannan kuskure ya fara fitowa.

Lambobin nan huɗu, CL, tRCD, tRP da tRAS, duk adadin bugun da RAM ke jira ne kafin ta yi wani mataki. Ƙarami ya fi sauri. In kana son sanin jinkirin a zahiri, ka ninka CL da 2000 ka raba da gudun. CL16 a 3200 nanosakan 10 ne. CL18 a 3200 ya zama 11.25, CL22 kuma 13.75. Wannan bambancin ba zai hana ka jin daɗin wasa ba, amma rufewar wasa a tsakiyar zagaye tana hanawa.

Abin da zan ce ka yi: kashe XMP, ka sa gudu 3200 da hannunka, wutar DRAM 1.35V, lambobi 18-22-22-42. In ta tsaya, alhamdu lillahi. In ba ta tsaya ba, ka koma 22-22-22-52, ko ka sauke gudun zuwa 3000. Kada ka taɓa sauran lambobin ƙasa, ka bar su a Auto.

Khalifa: Ni dai a ganina ɓata lokaci ne. Ka sayar da su duka, ka sayi 2x8GB 3600 CL16 da suka zo a kwali ɗaya. Ryzen 5000 a nan ya fi jin daɗi, saboda FCLK, agogon haɗin cikin furosesa, na tafiya 1800 daidai da ainihin agogon RAM (rabin 3600), ɗaya da ɗaya. Jinkirin ma ƙasa da nanosakan 9 ne.

Malam Bashir: Khalifa, lissafinka daidai ne, sai dai ba kowa ke da kuɗin canji a hannu ba. Kuma a sani, abin da AMD ta lamunce wa 5600 a hukumance 3200 ne. Yawancinsu suna ɗaukar 3600 ba gardama, amma sai an gwada. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne sayen biyu a kwali ɗaya, domin tare aka gwada su. Ko kamfani ɗaya da suna ɗaya, in an saya daban-daban, guntayen da ke ciki kan iya bambanta.

Zainab: In har za a kashe kuɗi, ni 2x16GB 3200 CL16 zan ba da shawara a kan 2x8GB 3600. Ina wasa Discord a buɗe, ga Chrome, wani lokacin ina ɗaukar bidiyo da OBS, kuma 16GB kan cika fal. Da zarar ta cika Windows ya koma ajiya a SSD, a nan ne hoto ke sarƙewa, kuma babu wani CL da zai cece ka. Usman, ka buɗe Task Manager kana cikin wasa ka ga nawa ake ci. In ba ta wuce 12 ko 13GB, 16 ta ishe ka a yanzu.

Aminu: Batun gwaji kuma, kada ka dogara da wasa kawai. Ka sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filash, ka tashi kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ɗaya tak ma bai ci jarrabawa ba. Bayan nan TestMem5 ko OCCT a cikin Windows. Kuma ka yi da rana tsaka, ba da asuba ba. A zafin Afrilu na ga saitin da ya wuce gwaji da dare, ya faɗi bayan azahar, musamman da kati na hura wa RAM iska mai zafi.

Sadiq: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Na haɗa Ryzen 5 7600 da DDR5-6000 CL30, na kunna EXPO (irin XMP ne na AMD), allo ya yi baƙi ya ƙi tashi. Na lalata wani abu ne?

Malam Bashir: Minti nawa ka jira? Bod na AM5, irin na Ryzen 7000 ɗinka, yakan ɗauki mintuna yana daidaita RAM a tashin farko, fanka na juyawa allo babu komai. Ka ba shi kamar minti biyar. In shiru, cire wuta, ka zare batirin bod ɗin, CR2032, na ɗan lokaci, saitin zai koma na asali. Sannan ka duba BIOS ɗinka ba tsoho ba ne. A 2023 an samu furosesoshin Ryzen 7000 da suka ƙone saboda wutar SoC, ɓangaren furosesa mai kula da RAM, ta yi yawa, AMD ta sa aka taƙaita ta a 1.3V ta sabon BIOS. Amma don Allah kada ka sabunta BIOS a kan wutar NEPA zalla. Ka jona da UPS ko inbata, domin in aka ɗauke a tsakiya bod ɗin na iya ƙin tashi.

Sadiq: Na sake kunnawa na jira, ta tashi. Na gode ƙwarai, Malam.

Usman: Na dawo da rahoto. Na mayar da su A2 da B2, na sa 18-22-22-42 a 1.35V, MemTest86 ya fitar da kuskure a zagaye na biyu. Na koma 20-22-22-48, ya gama huɗun babu ko ɗaya, da rana na yi. Warzone bai rufe ba tun jiya, kuma abin da ake ci bai kai 14GB ba. Allah ya saka da alheri.

Malam Bashir: Amin. Ka ajiye saitin a matsayin furofayil a cikin BIOS, ka kuma ɗauki hotonsa da waya, don sabunta BIOS kan goge shi. Ranar da ka samu hali ka sayi 2x16GB, ka cire waɗannan biyun gaba ɗaya, kada ka haɗa su su zama huɗu.